Laurence Olivier: Ɗan wasan da ya yi suna da fuskokin aro

A cikin 'yan wasan kwaikwayon da Birtaniya ta yi a ƙarni na 20, babu wanda ƙasar ta ɗaukaka kamar Laurence Olivier.

Shi ne ɗan wasa na farko da aka bai wa kujera a Majalisar Dattawan ƙasar. Da sunansa ake kiran lambar yabo mafi daraja ta wasan daɓe a Landan, kuma tokar gawarsa tana binne a Westminster Abbey, majami'ar da ake naɗa sarakunan Ingila a cikinta.

Ya yi sama da shekara 60 yana wannan sana'a, a kan dandamali da sinima da talabijin, kuma kusan duk tsawon lokacin hanyar aikinsa ɗaya ce. Idan aka ba shi mutumin da zai kwaikwaya, ba ya farawa da binciken abin da ke zuciyar mutumin. Yakan fara ne da neman hancinsa da girarsa, da irin tafiyarsa, da amon muryarsa. Sai ya ga baƙo a madubi sannan hankalinsa yake kwanciya.

Wannan hanya ce ta kai shi inda ya kai. Ita ce kuma ta sa ya shafe jikinsa da baƙin fenti ya fito a matsayin Othello, sannan ya naɗa rawani ya fito a matsayin Mahdin Sudan, ayyuka biyu da a yau ake yi musu kallo daban da wanda aka yi musu a zamaninsu.

Ɗan limamin coci

An haifi Laurence Kerr Olivier ne ranar 22 ga watan Mayun 1907 a garin Dorking da ke gundumar Surrey, kudu da Landan. Shi ne auta a cikin 'ya'ya uku. Mahaifinsa, Gerard Olivier, limamin cocin Anglika ne, daga ɓangaren da ke ba tufafin ibada da ƙona turare da rera addu'o'i muhimmanci.

Gidan ba na wadata ba ne, kuma uban mutum ne mai tsanani, wanda ba ya sakar wa autan nasa fuska. Duk da haka Olivier ya bayyana daga baya cewa a wurinsa ya ɗauki darasin farko, domin yana zaune yana kallon yadda yake wa'azi: inda zai sassauta murya har sai jama'a sun kasa kunne, da inda zai ɗaga ta ba zato. Mahaifiyarsa Agnes ce ya shaƙu da ita, ita kuwa ta rasu a 1920 yana ɗan shekara 12.

A makarantar mawaƙan coci ta All Saints da ke Landan aka fara ganin baiwarsa. A 1917, yana da shekara 10, ya fito a matsayin Brutus a wasan Julius Caesar na William Shakespeare. Cikin 'yan kallo akwai Ellen Terry, babbar 'yar wasan Ingila ta wancan zamani, wadda ta rubuta a littafin ajiyarta cewa yaron ya riga ya zama gwani. Shekara biyar bayan haka ya sa kayan mata ya fito a matsayin Katherine, mace mai tsiwa, a garin Stratford, mahaifar Shakespeare.

A farkon 1924 wansa ya tafi Indiya aikin gonar roba. Kewa ta kama Laurence, ya tambayi mahaifinsu yaushe shi ma zai bi sahu. Uban ya ce masa ya cire wannan daga ransa, wasan kwaikwayo zai yi. A lokacin ba kasafai limamin coci ke tura ɗansa wannan sana'a ba.

A shekarar ce ya shiga makarantar koyon furuci da wasan kwaikwayo ta Elsie Fogerty. Kamar yadda ya ba da labari da kansa, ranar da ta gwada shi sai ta ɗora yatsa a goshinsa ta gangaro da shi zuwa karan hanci, ta gaya masa cewa a nan rauninsa yake. Maganar ta zauna masa. Shekaru da dama bayan haka da wuya ya hau dandamali ba tare da ya liƙa hancin roba ba.

Faɗi-tashi

Ya koyi aiki na shekara biyu a ƙungiyar wasa ta birnin Birmingham daga 1926. A ƙarshen 1928 aka ba shi babban matsayi a gwajin farko na wasan Journey's End, labarin sojojin Birtaniya a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai ya bar shi ya koma wani wasan da yake ganin ya fi maiƙo. Wanda ya koma ɗin bai yi kasuwa ba, wanda ya bari kuwa aka yi ta nuna shi kusan shekara biyu.

A 1930 ya auri 'yar wasa Jill Esmond, kuma ya samu shiga wasan Private Lives na Noël Coward. Ya gwada sa'arsa a Hollywood bai dace ba. A 1933 aka kira shi ya fito tare da Greta Garbo a fim ɗin Queen Christina, amma bayan 'yan kwanaki aka sallame shi saboda jininsu bai haɗu ba.

Abin da ya buɗe masa ƙofa ya zo ne a 1935. John Gielgud, wanda a lokacin shi ne gwanin wasannin Shakespeare a Landan, ya gayyace shi su yi Romeo and Juliet, da sharaɗin za su riƙa musayar matsayi: wannan ya yi Romeo wancan ya yi abokinsa Mercutio, bayan wasu makonni a juya.

A nan aka ga makarantu biyu gaba da gaba. Shakespeare ya rubuta mafi yawan wasanninsa ne cikin baitoci masu kari, kuma Gielgud yana furta su da zaƙin murya kamar mai rera waƙa. Olivier kuwa ya furta su kamar maganar saurayin da so ya ruɗa, yana haɗiye wasu kalmomi, yana tsalle, yana cakumar bango. Masu sharhi na jaridu suka yi masa ca, suka ce bai iya karanta waƙa ba. Amma 'yan kallo sun ga Romeo mai jini a jika, kuma aka yi ta cika gidan. Gasar da ta fara tsakanin mutanen biyu a wannan shekara ba ta mutu ba har tsufansu, ko da yake Olivier ne ya fi riƙe ta a zuciya.

Daga 1937 ya koma gidan wasa na Old Vic, inda albashi bai taka kara ya karya ba amma ake yin Shakespeare zalla. Ya yi Hamlet ba tare da an yanke komai ba, wasan da ke cin sama da awa huɗu, ya yi Henry V da Macbeth da Coriolanus. A watan Yunin 1937 ƙungiyar ta kai Hamlet fadar Elsinore da ke Danmak, inda labarin ya faru. Wadda ta fito a matsayin Ophelia ita ce Vivien Leigh. Shi yana da mata da jariri, ita ma tana da miji da 'ya, amma suka bar gidajensu. An ɗaura musu aure a Kalifoniya a watan Agustan 1940, bayan kowannensu ya rabu da abokin zamansa.

Kafin lokacin Olivier raina sinima yake yi, yana ɗaukarta wurin neman kuɗi kawai. Darakta William Wyler ne ya sauke masa wannan girman kai a lokacin ɗaukar Wuthering Heights na 1939, inda ya yi ta sa shi maimaita fitowa ɗaya har sai ya daina buɗe murya da hannuwa kamar mai magana da mutanen da ke kujerun baya. Fim ɗin ya sa ya yi suna a Amurka, sai Rebecca na Alfred Hitchcock ya biyo baya a 1940.

Yaƙi da sarakuna

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani sai ya koma gida ya shiga sashen jiragen sama na rundunar sojin ruwa. Bai yi fice a tuƙin jirgi ba, kuma shi da kansa ya riƙa ba'a da yadda rundunar ta yi saurin sakinsa da aka nemi ya koma wasa.

Gudummawarsa ta gaske ita ce fim ɗin Henry V, wanda ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin sarkin. Labari ne na yadda rundunar Ingila 'yar kaɗan ta ci ta Faransa a Agincourt a 1415. An ɗauki fagen daga a 1943 a ƙasar Ayalan, wadda ba ta shiga yaƙin ba, don haka akwai dawaki da maza majiya ƙarfi, kuma babu jiragen yaƙi a sararin sama. Fim ɗin ya fito a watan Nuwamban 1944, 'yan watanni bayan sojojin ƙawance sun sauka a Normandy, kuma an sadaukar da shi ga dakarun Birtaniya.

Aiki ne mai ƙayatarwa, ya kuma nuna cewa ana iya kai Shakespeare sinima talaka ya kalla ya gane. Sai dai fim ne na ƙarfafa gwiwa a lokacin yaƙi, kuma an yi masa aski daidai da bukatar hakan. Wuraren da Shakespeare ya nuna rashin imanin sarkin, kamar umarnin da ya bayar a kashe fursunonin yaƙi, duk an cire su.

A 1944 ne kuma aka naɗa shi, tare da abokinsa Ralph Richardson da John Burrell, su jagoranci ƙungiyar Old Vic, wadda bama-baman Jamus suka lalata gidanta har ta koma aro. Shekaru biyun da suka biyo baya su ne masana ke ɗauka a matsayin ƙololuwar aikinsa a dandamali.

Richard III shi ne abin da aka fi tunawa. Richard ɗan sarauta ne mai ƙusumbi, wanda ya kashe 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya don ya hau gado. Olivier ya harhaɗa shi ne kamar mai ɗinkin tsumma. Ya ɗauko siririyar murya mai kaifi daga yadda tsofaffin 'yan wasa ke kwaikwayon marigayi Henry Irving. Ya ɗauko kamanni da mugun hali daga Jed Harris, wani daraktan Amurka da ya taɓa gasa masa aya a hannu a New York. Ya ƙara da dogon hanci, da baƙin gashi har kafaɗa, da ɗingishi. Abin da ya fito mugu ne mai ban dariya, wanda ke juyowa ya yi wa 'yan kallo raɗa kamar abokan sirrinsa, har sai sun tsinci kansu suna jin daɗin makircinsa. Gielgud ya aika masa da kyautar takobin da Edmund Kean ya riƙe a wannan matsayi sama da shekara ɗari kafin nan, wanda ya bi ta hannun Irving.

A 1945 ya yi wani abin da har yau ake ba da labari. A dare ɗaya yakan fito a matsayin Oedipus, sarkin da ya gano cewa ya kashe ubansa ya auri uwarsa cikin rashin sani, sannan bayan hutun rabin lokaci ya dawo a wani wasan barkwanci yana ta wauta. Ihun da yake yi lokacin da Oedipus ya gane gaskiya ya razana mutane. Ya ce ya samo shi ne daga labarin da ya ji na wata ƙaramar dabba ta ƙasashen sanyi, wadda mafarauta ke zuba wa gishiri a kan ƙanƙara, in ta lasa harshenta ya manne. Ko baƙin ciki ma daga waje ya nemo shi.

Sarki George na Shida ya ba shi sarautar Sir a 1947. A 1948 fim ɗinsa na Hamlet ya fito, inda ya rina gashinsa fari-fari, kuma yana da shekara 40 ya fito a matsayin ɗan matar da ya girme ta da fiye da shekara 10. Malaman adabi sun yi ƙorafin ya yanke kusan rabin wasan, amma Hamlet ya zama fim na farko da ba na Amurka ba da ya ci lambar Oscar ta fim mafi kyau, shi kuma ya ci ta gwarzon ɗan wasa. Sau 10 aka sa sunansa a takarar Oscar ta 'yan wasa a rayuwarsa, wannan ce kaɗai ya ci.

A shekarar ce dai, yana can Ostireliya yana jagorantar rangadin tara wa Old Vic kuɗi, wasiƙa ta iske shi cewa hukumar gudanarwa ta yanke shawarar sallamarsa shi da abokan aikinsa biyu.

Vivien Leigh

A idon duniya babu ma'aurata kamar su. Ita ta ci Oscar da Gone with the Wind, ta sake ci da A Streetcar Named Desire. Suna da katafaren gida a karkara mai suna Notley Abbey, inda manyan mutane ke zuwa hutun ƙarshen mako.

A cikin gida kuwa labarin daban ne. Leigh ta kamu da tarin fuka, ta yi ɓari sau biyu, sannan tana fama da ciwon ƙwaƙwalwar da ke sa mutum ya shiga matsanancin zumuɗi, daga nan ya faɗa matsanancin baƙin ciki. A 1953 ciwon ya tashi tana tsakiyar ɗaukar fim a Ceylon, wadda yanzu ake kira Sri Lanka, har aka maye gurbinta. Maganin da likitocin lokacin suka fi dogara da shi shi ne jona wa majiyyaci lantarki a ka. Dukkansu biyu sun yi mu'amala a waje. Wani matashin mai sharhi, Kenneth Tynan, ya ƙara wa wutar fetur da rubuce-rubucensa, inda yake nuna cewa Olivier yana rage ƙarfinsa ne a dandamali don kada ya danne matarsa.

Auren ya mutu a 1960. Tarin fuka ya kashe ta a 1967, tana da shekara 53.

Kafin nan Olivier ya riga ya sauya hanya. A 1956 wani sabon salon wasa ya ɓullo a gidan Royal Court, na matasa 'ya'yan talakawa masu fushi da tsarin Birtaniya. Da farko bai so shi ba, sai da marubucin Amurka Arthur Miller ya sa shi ya sake kallo. Daga nan ya nemi John Osborne, jagoran waɗannan matasa, ya ba shi matsayi a wasansa na gaba.

Wasan shi ne The Entertainer na 1957. Mutumin da aka saba gani da kambin sarauta ya fito a matsayin Archie Rice, tsohon ɗan kama na gidajen rawa wanda kasuwarsa ta mutu, yana ba'ar da ba mai dariya, yayin da aka kashe ɗansa soja a rikicin mashigin Suez. Kowa ya gane cewa Archie ita ce Birtaniya bayan daularta ta fara rushewa. Olivier ya amsa daga baya cewa ya ga kansa a cikin wannan mutum da ke murmushi a fuska alhali cikinsa wayam. Da yawa na ganin bai taɓa yin aikin da ya fi wannan gaskiya ba. A cikin wasan ne ya haɗu da Joan Plowright, wadda ta fito a matsayin 'yarsa, ya kuma aure ta a 1961. Sun haifi 'ya'ya uku.

Othello da Mahdi

An yi fiye da shekara ɗari ana maganar kafa gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Birtaniya. Da abin ya tabbata, Olivier aka bai wa shugabanci, kuma aka buɗe ranar 22 ga watan Oktoban 1963 a ginin Old Vic. Ya ɗauko Tynan, mai sukar nan, ya ba shi aikin zaɓen wasanni. Ya tara matasa waɗanda daga baya suka zama manya, irin su Maggie Smith da Derek Jacobi da Michael Gambon da Anthony Hopkins. An dai lura cewa bai cika buɗe wa tsararrakinsa ƙofa ba: sau biyu kacal Gielgud ya fito a zamaninsa, Richardson kuwa ko sau ɗaya.

A 1964 ya tunkari Othello, labarin wani kwamandan yaƙi ɗan Afirka da ke yi wa daular Venice aiki, wanda wani na ƙasa da shi ya zuga har ya kashe matarsa Baturiya saboda kishi. Olivier ya yi watanni yana horar da muryarsa har ta yi kauri, yana ɗaga ƙarfe, yana koyon wata tafiya ta rangaji ba takalmi. Kowane dare yakan shafe fiye da awa biyu yana shafa baƙin fenti daga kai har ƙafa, a goge shi da ƙyalle har ya yi sheƙi.

Mutane sun kwana a layi don samun tikiti. An kai wasan Mosko a 1965 aka yi masa tafi na ban mamaki, kuma fim ɗin da aka ɗauka a shekarar ya sa manyan 'yan wasansa huɗu duka sun shiga takarar Oscar.

Amma tun a lokacin akwai waɗanda abin bai kwanta musu ba. Mai sharhin fina-finai na jaridar New York Times ya kwatanta shi da tsohon wasan nan na Amurka da Turawa ke shafa baƙi suna yi wa baƙar fata ba'a. Akwai kuma wurin da, kishi na kama Othello, sai Olivier ya fizge sakandamin da ke wuyansa ya jefar, ya faɗi ƙasa, alamar ya koma asalinsa. Ma'anar ba ta ɓuya ba: wayewar aro ce, kisan kuwa na gado ne. Wannan fassarar Olivier ce da daraktansa, ba umarnin da Shakespeare ya rubuta ba.

Ba kuma za a ce babu baƙaƙen da za su iya ba. Ira Aldridge ya yi Othello a Landan tun 1833, Paul Robeson ya yi a 1930, ya sake yi a Stratford a 1959. Sai a 1997 baƙar fata ya fara yin wannan matsayi a gidan wasan da Olivier ya kafa, wato David Harewood. A 2008 Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ci lambar gwarzon ɗan wasa saboda Othello, kuma lambar ita ce mai ɗauke da sunan Olivier.

Bai gama wanke fentin Othello ba ya sake shafa wani. A fim ɗin Khartoum na 1966 ya fito a matsayin Muhammad Ahmad, malamin Sudan da ya ayyana kansa Mahdi a 1881, ya yi wa birnin Khartoum ƙawanya, ya ci shi ranar 26 ga watan Janairun 1885, inda aka kashe Janar Charles Gordon. Kiran Mahdin ya iso har ƙasashen daular Sakkwato, domin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga yankin Adamawa.

An ɗauki fagagen yaƙin a Masar, tare da Charlton Heston a matsayin Gordon, shi kuwa Olivier a ɗakin ɗaukar fim a Ingila ya yi nasa aikin. Ƙashin bayan fim ɗin shi ne ganawar da aka nuna tsakanin Gordon da Mahdi a cikin tanti, alhali a tarihi wasiƙu kawai suka yi musaya, ba su taɓa haɗuwa ba. A yi masa adalci, bai mai da Mahdin abin dariya ba. Ya nuna shi mai natsuwa da kwarjini, wanda ya yi imani da abin da yake kira a kai. Sai dai duk wanda ya san Sudan, ko ya taɓa zama gaban malami, zai ga cewa lafazin da jujjuya idon da motsin yatsun na Othello ne aka sake wa tufafi. Hanyar da ta yi aiki a kan Richard, mutumin da Olivier ya san tarihinsa da harshensa da cocinsa, ta gaza a nan, domin babu abin da ya sani a bayan fuskar. Ba shi kaɗai ba ne a wannan ɗabi'a: shekara huɗu kafin nan Alec Guinness ya fito a matsayin Yarima Faisal a Lawrence of Arabia.

A daidai wannan lokaci ne wani abin da bai taɓa zato ba ya same shi. Daga 1964, yana da shekara 57, tsoron dandamali ya kama shi. Maƙogwaronsa yakan bushe, ya ji kamar kalmomin za su gudu. A Othello ya roƙi Frank Finlay kada ya bar shi shi kaɗai a gaban jama'a, ya tsaya a gefe inda zai riƙa hango shi. Daga baya ya roƙi abokan wasa su daina kallonsa cikin ido. Ya yi sama da shekara biyar a haka, 'yan kallo ba su sani ba.

Shekarun ƙarshe

A 1967 aka gano yana da sankarar prostate, aka yi masa magani ya koma aiki. A 1970 aka ba shi sarautar Lord. Amma shekara biyu bayan haka sai ya gano cewa hukumar gidan wasan ta riga ta zaɓi Peter Hall ya gaje shi ba tare da an shawarce shi ba, abin da ya tuna masa da wasiƙar Ostireliya. Ya sauka a 1973. Da aka buɗe sabon ginin a bakin kogin Thames a 1976, an sa wa zaure mafi girma sunansa, amma bai taɓa yin wasa a cikinsa ba. Fitowarsa ta ƙarshe a wasan daɓe ita ce ta watan Maris na 1974.

A ƙarshen wannan shekara wata cuta mai cin tsoka da fata ta kwantar da shi watanni a asibiti. Ya tashi a rame, muryar ta sirance, har musafaha takan yi masa zafi. Yana da ƙananan yara kuma bai tara dukiya ba, domin albashin gidan wasa na ƙasa ba mai yawa ba ne. Sai ya shiga karɓar kusan duk fim ɗin da aka biya shi da kyau, kuma bai ɓoye dalilinsa ba.

Wasu sun yi kyau. A Marathon Man na 1976 ya fito a matsayin tsohon likitan haƙori ɗan Nazi mai azabtar da mutane, a The Boys from Brazil na 1978 kuma ya juya ya zama tsohon Bayahude mai farautar 'yan Nazi. Muryarsa ce ke ba da labari a shirin talabijin mai kashi 26 kan Yaƙin Duniya na Biyu, The World at War. Wasu kuwa, irin su Inchon na 1981, sun zubar masa da girma. A 1983, yana da shekara 75, ya yi King Lear a talabijin, labarin tsohon sarkin da ya raba mulkinsa ya rasa komai. A wannan karon raunin da aka gani a jikinsa ba na kwalliya ba ne.

Matsalar ɗan wasan daɓe ita ce aikinsa yana ƙarewa da rufe labule. Oedipus ɗinsa da Macbeth na 1955 da Coriolanus na 1959, inda yakan faɗo daga tudu a riƙe shi ta idon sawu kansa na lilo a ƙasa, babu wanda ya ɗauke su a fim, kuma waɗanda suka gani da idonsu sun kusa ƙarewa. Abin da ya rage shi ne fina-finan, ciki har da Othello. A 2021 wani malami a Jami'ar Michigan ta Amurka ya janye daga koyar da wani aji bayan ɗalibai sun yi ƙorafi kan nuna musu shi ba tare da wani bayani ba.

Fitowarsa ta ƙarshe ita ce a fim ɗin War Requiem, wanda aka ɗauka a 1988, a matsayin tsohon soja a keken guragu. Ya rasu ranar 11 ga watan Yulin 1989 a gidansa da ke kusa da garin Steyning a gundumar West Sussex, sakamakon ciwon ƙoda, yana da shekara 82. Ya bar Joan Plowright, wadda ita ma ta rasu a watan Janairun 2025, da 'ya'ya huɗu. An binne tokarsa a kusurwar marubuta ta Westminster Abbey, kusa da David Garrick da kuma Henry Irving, mutumin da ya ari muryarsa ya yi Richard.